Maɓallan Saje Ɗanmusa

"Kwanta! Kwanta, don ubanka!"

Dodo ne ya banke ƙyauren zauren da ƙafa, bindiga libarba a hannu. Gambo na biye da adda. Shitu ya shigo ƙarshe, ya naɗe fuska da rawani har ido.

Juma'a ce, rana tsaka, mazan Gummi kaf suna masallaci. Saje Ɗanmusa kaɗai ba ya zuwa, don ƙafafunsa sun daɗe da shanyewa. Tsohon sojan Turawa ne da ya yi yaƙin Bama, kuma tun da ya ajiye kaki ba shi da aiki sai tara tarkacen yaƙi: maɓallan kaki na tagulla masu tambari, kawunan ɗamara, likkafu, linzamai, ƙaimi, har da wani sulke da ya saya hannun jikokin wani barde a Anka. Gari na ce masa taɓaɓɓe. Shitu wanzaminsa ma haka yake cewa, har ran da yana cikin yi masa aski ya ji wani dillali daga Kano, Alhaji Shehu, yana roƙon tsohon ya sayar, wai Turawa na neman irinsu ido rufe. Saje ya fatattake shi. Shitu ya bi Alhajin har tasha suka shirya, sannan ya kai wa Dodo, ƙasurgumin ɗan fashi, labari.

"Mabuɗi!" in ji Dodo.

"Ba ni da kuɗɗi, samari," in ji tsohon daga kan gado. Ko gezau bai yi ba.

Shitu ya san inda mabuɗin adaka yake. Ya zura hannu a wuyan rigar Saje, ya fizgo igiyar. Caraf! Tsohon ya cafke masa hannu, ya shafa yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Hannun ga na san shi. Shekara shida yana bisa kaina. Shitu, kai na?"

Dodo ya yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"To, wanzami, kai ya gane. Ka taho da askarka?"

"Oga, don Allah, cewa munka yi ba a taɓa..."

"Ko wuyanai, ko naka. Zaɓi!"

Bakin libarba ya taɓa ƙeyar Shitu, sanyi ƙalau. Wallahi ya so ya ƙi. Amma matsoraci ne, kuma ya san matsoraci ne. Ya zaro askar. Saje bai roƙe shi ba, ido kawai ya zuba masa har ya gama.

Suka juye adakar a buhu, ƙarafa na ƙara, suka faɗa akori-kura. Gambo ya take ta har ƙasa!

A hanya Dodo ya juyo, yana taunar goro.

"Ka ji ni da kyau. Kai ka kawo aikin ga. Mun kashe mutum saboda maganarka. In kaya sunka ƙi sayuwa, ba ka ganin damina."

Kafin la'asar Sufeto Halilu na tsaye a kan gawar, hula a hammata. Ya dubi adakar da ba komai cikinta, ya dubi yankan.

"Don maɓalli? A yanka mutum don maɓalli?" Ya yi tsaki. "Wannan ba yankan adda ba ne. A sa shinge a Anka, a zazzage duk buhun da ya biyo!"

Shingen nan shi ya hana su kai kaya Kano. Dodo ya ce Shitu ya ɓoye buhun, kada ido ko ɗaya ya gan shi, kafin Alhaji ya zo da kansa bayan mako guda. Shitu ya kai shi Bukkuyum, ɗakin uwarsa Marka, ya tura ƙarƙashin gado.

"Haja ce, Inna. Na fara kasuwanci."

"Alhamdu lillahi! Allah shi sa albarka, ɗan nan."

Ya kwana shida yana yawon ƙauyuka da zabirarsa, ba ya ci, ba ya barci. Duk kan da ya dafa zai aske sai ya tuno Saje. Ran na bakwai ya dawo, ya tarar da tabarma shimfiɗe a tsakar gida, kayan Saje baje a kai suna ɗaukar ido. Inna na zaune gefe da kaskon toka da jiƙaƙƙiyar tsamiya, yatsunta duk sun tsattsage.

"Kai, Shitu, wa za shi sayi haja da wannan dauɗa? Duk sun yi baƙi, wasu har da kore-kore. Kwana huɗu ina gurzarsu awa tasoshin aurena. Rigar ƙarfen nan da yashi na ci ƙarfinta."

Shi kuwa sakaran, murna ya yi! Ya ga tagulla na walƙiya kamar zinari, ya ce a ransa yau wuyansa ya kuɓuta. Ya durƙusa ya yi mata godiya, ya ɗaure buhu.

A wani busasshen rafi bayan Gwashi suka haɗu, washegari da hantsi. Alhaji Shehu ya fito daga motarsa Fijo yana gyara babbar riga. Shitu ya zazzage buhun a kan yashi.

"Kai!" Dodo ya washe baki. "Alhaji, ka ga kaya ko?"

Alhaji ya matso. Ya tsuguna ya ɗauki maɓalli, ya juya shi. An gurje tambarin har ya kusa shafewa. Ya ɗauki likkafa, ya yar. Fuskarsa ta canza.

"Inna lillahi! Wa ya yi wannan aika-aika?"

"Mi ya faru?"

"Tsufan ai shi Bature yake saye! Baƙin nan da koren nan, su ne shaidar shekaru. Yanzu wa zai yarda ba jiya maƙera suka zuba su ba? Ko kyauta kuka ba ni ba na ɗauka. Ku kai wa masu gwangwan."

Dodo ya tofar da goron bakinsa. Ya juyo a hankali.

"Wa ya wanke su?"

"Aikin mata na, Oga," in ji Gambo, yana ja da baya. "Ni dai na ce maka kada a ba wanzami ajiya. A tambaye shi gidan da ya kai."

Ga shi nan, abokin da suka ci tuwo kwano ɗaya. Shitu ya dubi bakin libarba. In ya ce Inna, wataƙila a bar shi ya kai la'asar, amma Dodo ba ya barin idon da ya ga kaya. Sau ɗaya dai a rayuwarsa tsoro bai yi masa zaɓi ba.

"Ni na wanke su. A daji na ɓoye su, ba wanda ya gani. Ni kaɗai."

"Kai kaɗai?"

"Wallahi ni..."

Tau! Tau!

Shitu ya faɗi rubda ciki a kan sulken. Alhaji ya kwasa da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, ya fizgi Fijo bai tsaya ba sai shingen Anka, inda ya faɗa hannun 'yan sanda yana rantse-rantse, yana zayyana komai tun ba a tambaye shi ba. Kafin azahar Sufeto Halilu ya ritsa akori-kurar a mashigin ruwa. Gambo ya ɗaga hannu tun daga nesa yana nuna Dodo, yana ihu, "Shi na! Shi ya harbe shi!" Bai cece shi ba. Bayan wata tara aka ɗaure su biyun a jikin ganguna, gefe da gefe, aka harbe su. Mutum huɗu ke nan, a kan buhun da a ƙarshe ko mai gwangwan bai samu ba.

Amma tun washegarin harbin rafi Sufeto ya bi sawu har Bukkuyum. Ya yi sallama a ƙofar Marka, ya tube hula. Tsohuwar ta fito tana shafa man shanu a yatsu.

"Ke ce uwar Shitu wanzami?"

"Ni ce, ranka shi daɗe. Ya tafi kai haja tun jiya." Ta yi murmushi, ta matso. "Ka gan shi? Don Allah faɗa mini, sun yaba da kayan? Ni na goge mishi su da hannuna."