Dambun Tanti Baraka

Ƙarfe huɗu na yamma, yayyafi ya ɗauke ke nan, rana ta leƙo ta zuba haskenta a kan kogin Seine har ruwan yana ɗaukar ido. Illiassou ya tsaya a kan gada, ya ɗaga kai yana kallon hasumiyar Eiffel, sai da hularsa ta kusa faɗuwa.

"Ikon Allah..." ya ce a hankali. "Wai ɗan Adam ne ya ƙera wannan?"

Shekararsa biyu yana karatu a Liège ta ƙasar Belgique, amma yau ya fara taka Paris. Su huɗu suka fito hutun watan Afrilu: shi, abokinsa Salisu, Fatsima, da kuma Hamdiya, wadda ko daji ta ce za ta, zai bi ta.

"Illiassou, sauke kai," in ji Hamdiya. "Magana nake maka."

"Ina jin ki, hasken idona."

"Gobe in mun isa Lyon, ba ka san ni ba."

"Ban san ki ba?!"

"Ka san ni... amma sanin lakwal kawai, na 'yan makaranta ɗaya. Kamar Salisu."

Ya juyo gaba ɗaya. Ya san labarin. Tanti Baraka, ƙanwar mahaifiyar Hamdiya da ke zaune a Lyon, ita ta ɗauki nauyinta tun ranar da mahaifiyar ta rasu a Maradi, ta kuma yi wa 'yar'uwarta alkawarin yarinyar za ta gama karatu.

"Ta rantse," in ji Hamdiya. "Ranar da ta ji zancen saurayi kafin in karɓi takardata, za ta ɗauke ni daga Liège ta maido ni gabanta. Kuma Tanti ba ta magana biyu!"

"Ni fa ban iya ƙarya ba, Hamdiyata."

"Ban ce ka yi ƙarya ba. Shiru na ce ka yi. Kwana biyu kacal... don Allah."

Ya ga ƙwalla ta cika idonta. 

"Shi ke nan. Na yi shiru."

Washegari jirgin ƙasa ya kwashe su da wani irin gudu, gonaki masu furanni ruwan ɗorawa suna shuɗewa kamar ana naɗe tabarma. Illiassou ya manna goshi a gilashi, yana ta tasbihi.

"Baƙauye!" in ji Salisu. "Ka bar wa mutane gilashinsu!"

"Bar ni, Salisu. Tafiyar yini guda a awa biyu! Da Kakata ta gani, cewa za ta yi aljanu ne ke ja."

Da azahar suka isa gidan Tanti Baraka, can hawa na tara. Doguwar mace ce mai kaifin ido, ba ta cika dariya ba. Aka gaisa, aka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Illiassou ya yi komai daidai: bai kalli Hamdiya ba ko sau ɗaya.

Ta taga ya hango birnin shimfiɗe, jajayen rufin gidaje, da koguna biyu suna tafe har suka haɗu suka zama ɗaya. Shi da ya tashi a Damagaram, inda mata ke layin famfo tun asuba! Ya daɗe tsaye, bakinsa a buɗe.

"Ku zo ku ci," in ji Tanti. "Na san kun gaji da burodin Turawa."

Dambu ne da zogale, an zuba masa man gyaɗa da yaji, ga soyayyun kaji a gefe. Ƙamshin ya kai Illiassou har tsakar gidansu. Tun shayin safe bai sa komai a cikinsa ba.

Tanti ta zauna daidai gabansa.

Salisu ya yi bisimilla ya duƙufa. Fatsima ma haka. Illiassou ya ɗauki cokali, ya ɗebo, ya ɗago... hannun ya tsaya a hanya.

A gidansu namiji ba ya cin abinci a gaban surukarsa. Shekara talatin mahaifinsa bai taɓa kurɓar ko ruwa a gaban Kaka ba. Ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa, a jini abin yake. Ya ce wa kansa wannan matar ba komai ba ce gare shi, tantin 'yar lakwal ɗinsu ce kawai. Ya sake ɗagowa. Gumi ya karyo masa.

Ya mayar da cokalin.

Hamdiya ta taka ƙafarsa ta ƙarƙashin tebur.

"Kai, yaro," in ji Tanti. "Ba ka da lafiya?"

"Lafiya lau, Tanti."

"Azumi kake?"

Ga ƙofa an buɗe masa. Hamdiya ta zuba masa ido tana roƙo.

"A'a... ba na azumi."

"To girkina ne bai yi maka ba?"

"Wallahi, Tanti, rabona da jin ƙamshi irin wannan tun ina gida."

Sai cikinsa ya yi wani ƙugi da kowa ya ji. Salisu ya ƙware da dariya, amma da ya ga fuskar Tanti ya haɗiye abarsa.

Ta aje cokalinta a hankali.

"Shekara ashirin da biyu ina ƙasar nan, amma ban manta gida ba. Namiji da yunwa, abinci a gabansa, ya kasa kai loma a gaban mace..." Ta juya. "Fatsima ba ɗiyata ba ce. Saura ke, Hamdiya."

"Tanti, don Allah..." Kuka ya ƙwace mata.

Illiassou ya zame daga kujera ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Laifina ne, Tanti. Ta ce in ɓoye, na kuma yi niyya, hannuna ne ya ƙi. Ina sonta... Allah ya sani ina sonta! Amma kada ki raba ta da lakwal ɗinta. Saura mata shekara guda. In ni ne matsalar, ni zan ja baya, ko hanyar da take bi ba zan bi ba."

"Za ka iya?"

"Zan sha wuya. Amma zan iya."

 Tanti ta daɗe tana kallon ƙeyarsa.

"Samarin nan gari da sunana suke kirana, su buɗe firij ɗina ba sallama," ta ce, muryarta ta sauya. "Kai kuwa... wa ya yi maka wannan tarbiyya?"

"A wurin Babana na gani."

Ta sa bakin mayafi ta goge ido.

"Yayata cewa ta yi in ga ɗiyarta ta gama karatu. Jibi za ki koma Liège, Hamdiya, ki gama. Ranar da na riƙe takardar nan a hannuna, sai manyansa su je Maradi. Kafin nan ba na son jin komai!"

"Tanti!!" Hamdiya ta faɗa jikinta tana kuka tana dariya.

"Sake ni, ja'ira, abinci na hucewa."

Ta miƙe, ta ɗauki farantin Illiassou, ta ƙara masa cinyar kaza. Ta fita baranda ta aje a kan ɗan tebur, ta juya kujera ta fuskanci kogunan nan, ta dawo ta wuce shi ba ta ko dube shi ba.

Ya tashi ya fita, yana ta neman abin da zai ce. Kafin ya juyo, ta riga ta ja ƙofa, ta saki labule.