Labarin da Fa'iza Ta Ƙi Yagawa

A shagonsa na fotokopi, bakin tashar Madawa, Walid ya fara ganin Fa'iza, ɗalibar lakwal ɗin aikin jinya. Takarda uku ta miƙa masa. Idonsa ya faɗa kan layin farko: "Na haifi shida cikin shekara bakwai, na binne uku."

Ya ɗago a firgice. Ta yi dariya.

"Ba ni ba ce, malam. Madam Esther ke sa mu rubuta labari da bakin matan da muke gani a asibiti, don mu iya yi musu zancen tazarar haihuwa ba da tsawa ba."

Daga ranar, kullum sai ya ce tawada ta ƙare, ta dawo gobe. Kafin damina magabatansa sun kai gaisuwa gidansu.

Sai Mubaraka, 'yar ajinsu da ta daɗe tana son Walid, ta kai labarin garinsu Walid, Tama, ta karanta wa mahaifiyarsa, Inna Laraba, wurin da matar cikin labarin ke karɓar allurar hutun haihuwa. Inna ta ce a dakatar da sadaki, ba ta son surukar da ta shirya ƙin haihuwa tun ba a ɗaura ba.

Saƙon Walid ya shigo: "Tauraruwata, don Allah ki ce Madam ta tilasta miki, ki yaga shi gaban Inna. Abinci ma ya ƙi shiga."

Ta amsa: "Ina sonka har raina, masoyina. Amma ni na rubuta, kuma ban yagawa."

Kwana tara shiru. Tana zuwa aji ido a kumbure, kai a ɗage. Rana ta goma Inna ta aiko kiranta.

Ta je Tama, ta durƙusa gaban Inna.

"Karanta mini tun daga farko, ɗiya. Waccan yarinyar, ƙarshen kawai ta karanta."

Fa'iza ta karanta. Da ta kai inda matar ta yaye jariri don sabon ciki, ya yi ta ramewa, sai Inna ta rufe fuska da mayafi.

"Abdulhamid sunanshi," ta ce a hankali. "Wan Walid. Wata biyar na yaye shi, ya rasu. Ba wanda ya taɓa tambayata mi ya faru."

Bayan an yanke gero aka ɗaura aure. Inna ta riƙe hannun amarya ta damƙa wa ɗanta.

"Allah ya ba ku 'ya'ya, ya ba ku ikon rainonsu, su rayu su binne mu."