Budurwar Bangon Littafi

Littafin ya faɗo a cinyar Sakinatu kamar an jefo mata kunama.

"Ɗauki ki duba," in ji Gwaggo Asabe, yayar uban Hamisu, saurayin da ya rage wata guda ya aure ta. "Ki ce min ba ke ba ce."

Ita ce a bangon. Ga wushiryar, ga tawadar Allah a ƙasan ido. Ɗaurin ƙirji, kafaɗu a waje, kai ba ko ɗankwali, tana dariya a gindin tsamiyar nan ta bayan gidan da ubanta ke wa aikin lambu a Nassarawa. Gefenta wani mai rawani yana miƙo mata goro.

Masu karatu sun ce soyayyar zamanin Turawa ce, mai ban dariya, 'yan mata na rububinsa saboda bangon. Nan gidan dai babu wanda ya dara. Shari'a ta zo, ko tallar gyaɗa sai da hijabi.

"Wallahi Gwaggo, ban taɓa tsayawa gaban mai hoto haka ba..."

"To aljana ce ta ari fuskarki. Jibi za mu aiko a kwashe lefenmu."

Bayan la'asar Hamisu ya zo, ya same ta ido ya kumbura.

"Kai ma ka yarda?"

"Na yarda fuskarki ce, rabin raina. Amma ke da ko kunnenki ban taɓa gani ba?"

Washegari ya ari motar ubangidansa, ya lallaɓa Gwaggo, suka tafi Kawaji su uku, shagon Cornelius, mutumin Zariya da ya zana bangon.

Cornelius na ɗago kai, burushi ya suɓuce masa.

"Baiwar Allah... ke mai rai ce?"

Ya jawo wani tsohon hoto da ya yi jawur. Wai marubuciyar ce ta tsinto shi cikin akwatin gwanjo, kayan wani Bature da ya zauna a Nassarawa.

"Macen ban taɓa mata komai ba," ya ce. "Namijin na ƙara wa gemu da rawani, don ya fi tafiya a kasuwa."

A hoton, namijin ba gemu, ba rawani, sai fararen kayan kuku.

Hamisu ne. Har karkata wuyan nan nasa.

Hamisun da ke tsaye ya ja da baya. 

Gwaggo ta zauna kan gwangwanin fenti, ba ta ko duba zaninta ba.

"Baba ne," ta ce a hankali. "Lawan kuku. Wannan kuwa Hafsatu ce."

"Sunan kakata ke nan," in ji Sakinatu, "ta rasu ba a haife ni ba."

"Baikonsu aka yi. Bature ya ɗauke su hoton nan, dangin Baba suka ce yarinyar da ta bari aka kama kurwarta a takarda ba za ta shigo musu gida ba. Suka kwashe kayansu. Ranar da Baba zai cika, uwata ce riƙe da kansa, amma Hafsatu yake kira."

Sakinatu ta sake kallon hoton. Sai ta ga kamar matar ba mai ɗauka take kallo ba, Gwaggo take kallo.

"Gwaggo," in ji Hamisu, "maganar aiken goben fa?"

"Wane aiken? Mutanen nan sun yi shekara hamsin suna jira. Ba da ni za a sake raba su ba."

An ɗaura aure ranar da aka sa.

Cornelius ya ba amarya hoton gudummawa. Ta rataye shi a ɗaki, amma da ta ji sallamar ango sai ta kifa shi a bango. Kakarta ce, ta sani. To amma mace mai irin wannan dariya, ko ta mutu, ba a barinta da mijin mutum.