Gajere da Madarar Akuya

A can da, an yi wani mutum gajere wanda gajartarsa ta dame shi ƙwarai. Da ya ji an ce madara tana sa tsawo, sai ya riƙa shanye duk madarar akuyarsa. Safe ya sha, yamma ya sha, 'yarsa Tasalla tana kallo tana haɗiyar yawu.

Damina ta wuce bai ƙaru ba, sai ya tafi wurin wani tsohon maɗori.

Maɗori ya latsa gwiwarsa, ya ce, "Ɗana, ƙashin babba ya gama miƙewa. Na yaro ne ke da sauran tafiya. Wa ke shan ragowar madarar?"

Gajere ya sunkuyar da kai, don ba ya rage ko ɗigo.

Washegari ya miƙa wa Tasalla ƙwaryar, ya ce, "Sha, uwata."

Ta ce, "Baba, kai fa?"

Ya ce, "Ni na gama nawa."

Shekaru suka shuɗe, Tasalla ta girma har ta kere shi. In ya hango ta tana kawo masa abinci gona, sai ya taɓa abokin aikinsa yana murmushi, ya ce, "Ka ga tsawona can yana tafe!"