Tsakuwa Uku a Kwalba

A ɗakin hoton ƙashi suka fara haɗuwa, uwarta na tsaye a wurin, don haka masu cewa a ɓoye aka yi su buɗe kunne da kyau.

Auta tela ce. Kan keken ɗinki ta ɗauko, santsi ya kwashe ta a matakala, ƙugu ya bugu. Inna ta kai ta asibiti. Mai hoton, wani dogon saurayi mai tabarau, ya dubi takarda, ya dubi Auta, ya sake komawa kan takardar kamar ya manta karatu.

"Ki yi haƙuri, dole in tambaya. Kina da juna biyu?"

Inna ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. "Budurwa ce, ɗan nan. A gidanku haka ake gaisuwa?"

"Kowace mace muna tambaya, Inna. Hasken na'urar nan ratsa jiki yake yi, ba a so ya taɓa ɗan da ke ciki."

Ƙashi bai karye ba, amma Inna ta sa wa mai hoton ido. Tun daga ranar rigunansa suka fara neman gyara a wurin Auta, yau maɓalli, gobe aljihu, har ta ce ko ɓera ne ke kwana a akwatinsa.

Wata biyar ana haka, Auta ta fara dafe haƙarƙarin dama duk sanda ta ci abu mai maiƙo, ga amai. Inna ba ta karatu, sai ta faki ido ta ɗauki wayar Auta ta kai wa mai kemis na bakin layi, wanda Auta ta ƙi shi har sau biyu. Ya karanta da ƙarfi:

"Telata, likita ta ce sikanin za a yi miki. Ki zo gobe da safe, kada ki ci komai. Ko me aka gani, ina tare da ke. Mai hotonki."

Amsarta kuma: "To Mai hotona. Kada Inna ta sani tukuna, hawan jininta nake tsoro."

Munafukin ya tsaya a "tukuna", ya haɗiye sauran. "Ni dai ban ce komai ba, Inna. Amma kin san su wa ake yi wa sikanin."

Kafin yamma magana ta zaga layi. Mata biyu suka zo suka karɓe yadinsu ko yankawa ba a yi ba.

Da safe Inna ta tasa Auta a gaba har ƙofar mai hoto. "Ka ɓata mini sunan 'ya. Ka saka ta a babbar na'urar nan mai kama da rami, wadda ba ta ɓoye komai."

"Biyu ne masu ramin, Inna. CT yanka-yanka take nuna jiki, cikin minti kaɗan, ita muke yi wa wanda ya yi haɗari, amma haskenta ya fi na hoton ƙashi yawa. MRI maganaɗisu ce, ta ƙwaƙwalwa da laka da gaɓoɓi, kuma sai an tabbatar babu ƙarfe a jiki. Auta kuwa akwai guntun allura a babban yatsanta."

"Har yatsanta ka sani."

"Ita ta faɗa mini," ya ce, kunya ta kama shi. "Ciwonta na sikanin ne. Sauti ne kawai, ba haske. Hanta, ƙoda, matsarmama, duk yana nunawa."

"Na masu ciki ne. Kada ka raina mini hankali."

Wani tsoho mai farin gemu da ke kan benci, riƙe da gorar ruwa, ya gyara murya. "Baiwar Allah, ni ma layin nake bi. Wata nawa kika ba ni?"

Da aka kira Auta, sai da Inna ta bi ta ciki. Likitar ta shafa wa Auta wani mai mai sanyi, ta danna ƙarƙashin haƙarƙari, ta juyo da allon. "Ga su nan, Inna. Tsakuwa uku a matsarmama. Su ne ciwon."

Aka yi wa Auta aiki lafiya, aka ba su tsakuwar a kwalba. Kwana uku mai hoto na zirga-zirga a ƙofar ɗakin, Inna na harararsa, har ta gaji ta ce, "Shigo mana, ka tsaya kamar mai bin bashi... kamar maigadi." Ya shigo. Auta ta ja mayafi ta rufe fuska tana dariya, ɗinkin aikin na ja mata.

Ranar da aka sallame su, Inna ba ta shiga gida ba. Kemis ta nufa, mutane cike, ta dire kwalbar tsakuwar a kan teburin mai kemis ɗin.

"Ga jikokin da ka yi mini shela. Uku ne. Yadda ka bi gida-gida ka faɗa, haka za ka bi ka warware, ina bayanka."

Ya bi kuwa, tana biye da shi da kwalba a hannu. Matan nan biyu suka dawo da yadinsu. Inna ta ce su nemi wani telan, wannan kayan aurenta take ɗinkawa.

Ranar ɗaurin aure Inna ta kama hannun Auta ta sa a na mai hoton. "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya rufa muku asiri, ya ba ku 'ya'ya masu albarka. Ranar da za a yi mata wancan sikanin, ɗan nan, da ni za a shiga."