Igiyar Jirgin Abdulgani

Gab da magariba Alkasim ya sa takunkumin fuska, ya fito daga ɗakinsu a hawa na sha huɗu a unguwar Cheras, can ƙasar waje, zai yo tapau, wato ƙunshin shinkafa, a gidan abincin da ake kira mamak kafin a rufe. Dokar kulle ta kwashe mutane, ko motsin yara babu.

Wata takwas ya yi yana dahuwa a wani jirgin katako mai tafiya da iska. Ranar da ya shiga, tsohon matuƙin, Abdulgani, ya ɗaura masa siririyar igiyar jirgi a wuyan hannu. Ya ce, "Ran da za ka sauka, ka yanke ka jefa wa teku. Da haka take sanin ka bar ta."

To, korona ta zo, aka kwashe su a gurguje zuwa killacewa. Gogan naku kuwa, ɗan Kano da ya ga teku da girmansa, sai ya bar igiyar a hannu don burga.

Ya shiga lif, ƙofa ta rufe.

A hawa na tara ya ji warin gishiri da ɗanyen kifi. Sai kukan katako, ƙiiii, irin na jirgi idan iska ta cika ƙyallensa. Lif ɗin ya karkata hagu, ya dawo dama.

Ruwa mai sanyi ya taɓa idon sawunsa.

"Innalillahi," ya faɗa a hankali.

Ruwan ya kai gwiwa, baƙi ƙirin. Igiyar ta tsuke. Aka fizge shi ƙasa, goshinsa ya daki madubin lif ɗin, madubin ya tarwatse. Ya miƙe, aka sake maka shi da bango. Ya ji kafaɗarsa ta goce.

Daga ƙarƙashin ruwan wata murya ta yi raɗa, kamar mai kurkure baki.

"Ba ka yi sallama ba."

Ruwa ya kai ƙirji. Tsoro ya kama shi sosai, ya san mutuwa ce. Ya laluba ya damƙi ɓallin madubi.

Igiyar ta nutse cikin tsoka. Babu wurin zura gilas.

Ya yanka har da naman.

Ya yi ihu, ya sake yanka. Igiyar ta tsinke, ya wurga ta cikin ruwan.

Ƙofa ta buɗe a ƙasa. Mai gadi ya same shi kwance cikin jini, daɓen lif ɗin a bushe ƙarau.

Yatsunsa uku ba su sake motsi ba. Da aka sallame shi daga asibiti ya kira Abdulgani, ya ce ai ya mayar da igiya, magana ta ƙare.

Tsohon ya tambaya, "Da jini a jikinta?"

"Da jini."

"Kash, ɗana. Igiya kaɗai teku take nema. Yanzu ta san ɗanɗanonka."

Tun daga ranar Alkasim da matakala yake hawa, duk sha huɗun. Idan zai yi alwala kuwa, sai ya fara ɗanɗana ruwan da bakin harshe, ya ji ko da gishiri.