Wanda Ya Amsa Kiran Gauraka

Ku matso. Ladidi, kashe wayar nan ko in jefa ta rijiya. Wannan ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya yi min dariya.

Kun san Gambo tela, wanda ba ya magana? To da bakinsa aka haife shi. Har ya fi ni surutu, ni da kuke cewa ba a gama gardama da ni.

Shekarar da masu ƙidayar tsuntsaye suka fara zuwa garinmu abin ya faru. Wata Dakta Saratu ce ta kawo su daga jami'a. Ta tara mu a filin makaranta, masunta da manoma da 'yan kasuwa, ta ce mu shiga fadama tare da su, kowa ya faɗi abin da ya gani: balbela, zalɓe, dinya, kirinjijiya. Ta zuba mana kukan tsuntsaye a wayoyinmu. Tsuntsun da ya ɓuya a cikin kacala, wannan doguwar ciyawar ruwa, sai ka kunna masa kukan ɗan'uwansa. Ya ɗauka nasa ne, ya amsa, ya fito.

Na ce mata, "Dakta, wannan ai yaudara ce tsagwaronta." Ta yi dariya. Amma ta kafa sharaɗi: bibbiyu za a riƙa tafiya, kuma rana na yin ja kowa ya dawo.

Gauraka ne kawai ba a gani ba. Tun muna yara ya bar fadamar nan. Gambo ya rantse shi zai nemo shi. Ranar ƙarshe abokin tafiyarsa ya juya gida, shi kuwa ya zarce can ƙuryar tafki shi kaɗai. Ga matarsa Asabe a gida da tsohon ciki.

Magariba ta kawo jiki. Ya tsaya bakin ruwa, ya kunna.

Kukan nan na waya yana da aibi guda, duk mun san shi. Wanda ya ɗauko shi ya yi tari a ƙarshe. Gauraka ya yi kuka, sai tari.

Shiru. Ko kwaɗi babu.

Sai aka amsa daga cikin kacala. Kukan gauraka, sak. Gambo ya washe baki.

Sai tari ya biyo baya.

Ladidi, sakar min riga.

Kacala ta dare biyu. Wani dogon mutum ne tsaye a cikin ruwa, farar rigarsa ko jiƙa ba ta yi ba. A kan ƙafa ɗaya yake. Ɗayar ya naɗe ta, gwiwar ta lanƙwashe ta baya.

Gambo ya yi sallama. Ba a amsa ba.

"Kai ka kira?" Muryar Dakta Saratu ce ta fito daga bakin mutumin.

"Tsuntsu nake nema, Baba."

"Gauraki kiwona ne. Tun da suka tafi nake jira. Na ji kira, na fito a guje." Ya dubi wayar. "Ashe ƙarya ce."

"Ka yi haƙuri, Baba. Aiki ne."

"Dabara ce mai kyau. Ban san ta ba." Ya karkata kai, ya dube shi da ido ɗaya. "Kai, wa ke fitowa idan ka kira?"

Nan Gambo ya tafka wautar. Maimakon ya ja bakinsa, sai ya hau roƙo. "Don Allah ka bar ni in tafi. Asabe haihuwa ko yau ko gobe."

"Asabe," in ji mutumin. Da muryar Gambo ya faɗa.

Gambo ya buɗe baki zai nemi tsari. Iska ce kawai ta fito.

Ya zuba da gudu. Takalma suka zube, ƙaya ta shiga, bai tsaya ba. Gidansu kun san shi, shi ne na ƙarshe, bayansa fadama. Maza duk suna masallaci. Tun daga nesa ya jiyo muryarsa, tasa ta kansa, tana fitowa daga wajen ruwa.

"Asabe! Taho da fitila, na ji ciwo!"

Ya hango hasken tocila yana gangarawa. A hankali, tafiyar mai ciki. Ya yi ihu, babu. Ya tafa hannu, ba ta waiwayo ba. Sai da ruwa ya kai mata ƙauri ya cim mata, ya damƙe hannunta.

Ta haske fuskarsa. Mijinta ne, baki a rufe. Ga kuma mijinta yana kira daga cikin kacala.

"Asabe, wannan ba ni ba ne! Ƙwace, ki taho!"

Ta fara fizgewa. Gambo ya nuna mata ƙasa, ya sake nunawa. Ta sauke hasken. Ƙafafu biyu, duk jini, duk ƙaya, gwiwoyi suna kallon gaba.

Ta kashe tocilar. Ta bi shi gida.

Yadda na sani? A waya ya rubuta min. Kai Ɗanliti, ka sake katse ni ka gani.

A daren ta haifi mace. Dakta ta bi mu ɗaya bayan ɗaya ta goge kukan gauraka daga wayoyinmu. Har yau suna zuwa ƙidaya, muna shiga, amma ba mai kunna komai.

Muryar ba ta dawo ba. Tana can. Ranar suna, liman ya raɗa wa yarinya Hajjo, da magaribar aka ji Gambo yana gwada sunan daga fadama.

Yanzu Hajjo ta fara tafiya. Shi ya sa in rana ta yi ja kuke ganin ƙyalle ɗaure a ƙugunta, ɗaya bakin a ƙafar keken ɗinkinsa. Ku kuna dariya, wai mugunta.

Kada wanda ya bi hanyar tafki shi kaɗai. In kuma kun ji Gambo ya kira sunanku, kada ku amsa. Gambo ba ya magana.